Mataki na Sha Bakwai a Cikin Agnes

Wade Dostal ɓarawo ne. Ba irin mai haura katanga ba, wannan ko ba komai ya san abin kunya yake aikatawa. Shi irin mai ƙwanƙwasa ƙofa ne da furanni a hannu, a ba shi kujerar mamaci ya zauna, ya cinye cinyar agwagwa, ya yaba girki, sannan ya fice da abin da ya fi komai daraja a gidan. Wasunku sun rubuto mini cewa na cika zafi, wai abin da ya shekara ashirin a bar shi ya kwanta. Ba zan bari ba. Ku 'yan matan da kuke karanta ni a waya a ɓoye a wurin aiki, don ku nake faɗa, kuma ba zan shafa wa maganar zuma ba.

Ga wanda yau ya fara karanta ni: sunana Lorna Vesely. Shekarata ashirin da shida a lokacin, ina aikin gasa burodi da safe, ina zaune da mahaifiyata a garinmu na bakin kogin Platte, a Nebraska. Mahaifina Emil ya rasu a watan Mayu na shekarar. Ma'aikacin rumbun masara ne, amma ransa yana cikin garejin bayan gida, inda ya yi shekara goma sha ɗaya yana kiwon macizan garter, 'yan siraran nan masu ratsi, marasa dafi, da yara ke kamawa a gindin shinge. Ban yi nisa a makaranta ba. Abin da na sani, a garejin nan na koya.

Abu ɗaya Baba yake nema: fari. Akwai gado iri biyu da ke ɓuya a jinin macizan nan. Ɗaya yana ɗauke baƙi, sai a haifi zabiya mai jan ido da jiki rawaya. Ɗayan yana ɗauke ja da rawaya, sai a haifi mai ruwan toka. In biyun suka haɗu a ɗa guda, sai ya fito fari fat kamar ƙanƙarar Janairu. Amma sai uwa ta ba da gadon biyu, uba ma ya ba da biyun, kuma ko an dace, ɗaya ne cikin sha shida. Macijin da ke ɗauke da gadon ba ya nuna komai a jikinsa. Baba yana ce wa irinsu masu ajiya, kuma biyu ya bar mini: namiji, Cyril, da mace, Agnes, wadda ya sa wa sunan wata malamarsa da ba a taɓa ganin haƙorinta ba. In kun ga Agnes a bakin hanya ba za ku waiwaya ba. Ruwan ƙasa ce da ratsin ruwan lemo a gadon baya, irinta sun fi dubu a gonar kowa. Sau biyu ta haihu, babu fari. Baba ya mutu yana cewa, "Na uku, Lorna. Ki riƙe ta zuwa na uku."

Ya kuma bar mini littafi. Duk macijin da ya yi saɓa, Baba zai tsaga saɓar a hankali, ya shimfiɗa ta a kan baƙar takarda, ya manna, ya rubuta suna da kwanan wata. Ɓawon cikin maciji a jere yake kamar matakan tsani, don haka tsani Baba yake ce masa, kuma yakan ƙirga matakan tun daga haɓa. A shekara biyun ƙarshe idonsa ya yi rauni, sai Mama ce take ƙirga masa tana rubutawa, sanye da safar wanke-wanke har gwiwar hannu, tana mita daga fari har ƙarshe. Ku riƙe wannan a ranku.

Bayan jana'iza Wade ya fara zuwa. Ɗan mai shagon iri da taki ne, kuma shi yake zagayawa da kwandon sadaka a coci ranar Lahadi. Kyakkyawa ne, ba zan yi ƙarya ba. Kyan ɗan maciji, in ji masu magana, kodayake ni da na raini 'ya'yan macizai na san an zalunce su da wannan kwatancen. Riga mai gida-gida a goge har tana yanka, takalmin fata yana ƙyalli, gashi a kwance da mai. Har ya sayi wani maciji zabiya namiji mai suna Duke, wai don ya koyi abin da nake so. Mama ta narke kamar man shanu a kasko.

"Namijin da zai sayi maciji saboda mace ba kullum ake samunsa ba," in ji ta. "Ubanki ma ba don ni ya sayi nasa ba."

In Nuwamba ya kama, dole a kwantar da macizan barcin sanyi na wata uku ko huɗu, in ba haka ba ba sa haihuwa. A tsohon firjin gareji Baba yake kwantar da su. Wata Lahadi muna cin agwagwa da kabeji mai tsami, Wade yana kujerar Baba a ƙarƙashin agogon nan mai zakara, sai Mama ta ajiye cokali.

"Bana firjina nake so."

"Mama, firjin Baba ne."

"Yayata ce ta ba ni shi ranar aurena. Shekara goma sha ɗaya ina buɗewa neman madara ina cin karo da idanu. Ya isa haka."

"Ba su ma da fatar ido, Misis Vesely," in ji Wade. "Ko barci suke yi, sai sun ƙura miki."

Mama ta yi dariya har tana share hawaye da ƙyallen girki. Ya juyo wurina.

"Kawo su wurina, gimbiyar tana." Haka yake tsokanata, don da tana da kifi nake ciyar da su. "Akwai ɗakin ƙasa a gidanmu inda kakata take ajiye dankali. Sanyinsa daidai, ba ya daskarewa. Ni zan riƙa duba ruwansu."

Zuciyata ta ce a'a, bakina ya ce to. Wannan laifina ne, kuma na ɗauka. Abin da aka ba ka amana ba a ba wani riƙonsa don ya iya sa uwarka dariya.

Roba goma sha biyu muka loda a bayan a-kori-kurarsa, kowace da suna a murfi. Duk tsawon hunturun saƙonsa yana shigowa 'yar wayata mai murfi.

"'Yan haya lafiya lau. Ba wanda ya kawo ƙara."

"Agnes tana gaishe ki. Ta ce ki sa shuɗiyar rigar nan mai farar wuya ran Asabar."

Na kuma sa. Na sa har da 'yan kunnen kakata. Ina son sa, kada wani ya zaci ban so shi ba. Sau biyu na ce zan je in duba su, sau biyun yana da dalili: matakalar ɗakin ta karye, ko babansa ya tafi da makulli. Ƙanƙara ta rufe hanya, na haƙura.

A Maris ya dawo da su. Goma sha biyu suka tafi, goma sha biyu suka dawo. Da na ɗaga Agnes, sai ta murɗe ta fesa mini ɗoyin nan da suke fesa wa abokin gaba. Tunda aka haife ta ba ta taɓa yi mini haka ba.

"Ke ma in aka tashe ki daga barcin wata huɗu, abin da za ki yi ya fi wannan," in ji Wade, ya miƙo mini hankici.

Na yi dariya, na yarda.

Ran sha ɗaya ga Afrilu ta yi saɓa. Na dawo daga aiki da gari a gashina, na tsaga saɓar, na shimfiɗa ta yadda Baba ya koya mini, na fara ƙirga tsani. Agnes tana da alama tun haihuwa: matakinta na sha bakwai a tsage yake gida biyu. Yana nan a saɓarta guda ashirin da uku da ke littafin. Na ƙirga. Sha biyar, sha shida, sha bakwai. Sumul. Na sake daga haɓa. Sumul. Na ɗauko macijiyar da kanta, na juya cikinta a hasken taga, ta sake fesa mini. Sumul.

Na zauna a kan bokitin da Baba yake zama. Ban yi kuka ba. Wani abu ne ya daskare a ƙirjina, kuma har yau bai gama narkewa ba.

Na shiga gida na tarar da Mama a falo, ta fito da rigar aurenta daga akwatin katako ta shimfiɗa a kan doguwar kujera, fara mai leshi a wuya da maɓallai talatin a baya, bakinta cike da allurai.

"Zo ki tsaya nan, in ga ƙugun."

"Mama, wannan ba Agnes ba ce. Wade ya musanya ta."

Ta zare alluran ɗaya bayan ɗaya.

"Lorna, kina jin abin da ke fita daga bakinki?"

"Matakin sha bakwai ba ya nan."

"To ya warke. Ciwo ba ya warkewa? Shekararki ashirin da shida, kina warin kifi, gari guda kowa ya san ki da macizai, Allah ya kawo miki ɗan mutunci da ba ya ƙyamarki, sai ki rasa abin da za ki liƙa masa sai satar tsutsa? Ubanki ya ba gareji rayuwarsa, ke ma za ki ba shi taki? Kada in sake jin wannan maganar a gidan nan."

Na tsaya ta gwada ƙugun. Allura ta soke ni sau biyu.

Washegari na tafi wurin Kawu Orville Petska, aminin Baba, shugaban ƙungiyar masu kiwo ta yankinmu. Tsoho ne mai kunne ɗaya da ke aiki. Na same shi a baranda yana yanka kifi. Ya duba littafin, ya duba sabuwar saɓar.

"Ta daji ce," in ji shi. "Ya kamo ta ya zaɓi mai tsawon Agnes. Ya yi ƙoƙari, ɗan banza."

"Yanzu zan je gidansu."

"Ki je mana, 'yar Emil. Ki buga ƙofa ki ce ɓarawo fito. Kafin ki gama ihu Agnes tana kogi, ke kuma kin zama mahaukaciyar gari. Yanzu tana da rai ne don yana tsammanin ba ki sani ba."

Na san gaskiya ya faɗa. Sai na buɗe shafi na ƙarshe da na rubuta da hannuna kafin barcin sanyi, na sa masa a gaba. Tara ga Oktoba: Cyril ya haɗu da Agnes.

Kawu ya karanta. Kafaɗunsa suka fara rawa, ya yi dariya har wuƙar ta faɗi.

"Ya sani?"

"Bai taɓa tambaya ba."

"To ki koma gida ki yi murmushi. Kura ta ɗauki kayan da ya fi ƙarfinta."

Abin da kowane mai kiwo na gaske ya sani ke nan, Wade bai sani ba: macen tana iya ajiye irin namiji a jikinta duk tsawon hunturu, sai bazara cikin ya kama. Agnes ta shiga ɗakin dankalinsa da ajiyar Cyril.

Wata huɗu na yi ina murmushi. Kada ku ɗauka da sauƙi. Ina zuba masa kofi, ina miƙa masa burodin kolaci mai jam da na gasa da hannuna, ina kallon yana lasar yatsa. A Mayu ya durƙusa a barandarmu da zobe, Mama tana leƙe ta bayan labule, labulen har rawa yake yi.

"Sai bayan girbi," na ce.

"Girbin me kuma, gimbiya? Ke gona gare ki?"

"Akwai abin da aka shuka."

Zoben ban karɓa ba. Na ɓoye abin da na sani, wannan gaskiya ne, kuma na faɗa wa Fada, limamin cocinmu, a ɗakin furta zunubi. Amma alkawarin ƙarya ban ɗauka ba. Akwai bambanci tsakanin wanda ya yi shiru don ya ceci amana da wanda ya yi rantsuwa don ya ci ta. Mama ta yi kwana uku ba ta yi mini magana ba, sai dai ta ajiye tukunya da ƙarfi.

Ran biyu ga Yuli ina cikin murza ƙullu wayata ta yi ƙara. Hoto ne, mai hazo-hazo irin na wayoyin lokacin. 'Ya'yan macizai a dunƙule a cikin roba kamar igiyar takalmi, a tsakiyarsu biyu farare tas. Saƙo ya biyo baya.

"Na so in ba ki mamaki. Na sayo wata mace a Kansas na haɗa ta da Duke. Kin ga abin da Allah ya ba mu? Kyautar aurenmu."

Wani saƙon ya sake shigowa.

"Farin Dostal za a kira su. Ke ma ai Dostal za ki zama, duk ɗaya ne."

A wurinmu wanda ya fara fitar da launi, sunansa ake sa wa zuriyar, kuma sunan ba ya goguwa. Shekara goma sha ɗayan Baba, idonsa da ya ƙare a kan tsani, duk za su tafi da sunan ɗan mai taki. Ƙullu ya ɓata maɓallan wayar, amma na rubuta: "Kai, barka! Ka kai su baje koli kowa ya gani."

Sauran aikin Kawu Orville ya yi. Ya kira Wade ya ce ƙungiya za ta rubuta sunansa a rajista a babban baje kolin Omaha na watan Agusta, amma ƙa'ida ita ce a kawo uwa da uba a gani. Girman kai ya ja shi kamar akuya a igiya.

Ranar na sa shuɗiyar rigar nan mai farar wuya, da gangan. Mama ta sa hular cocinta da jakar hannu mai maɗauri, don Wade ya ce mata ranar alfaharinsa ce. Littafin yana cikin jakar burodi a kan cinyata.

Zauren ya cika, zafi, warin ɓuntun katako da gumi. Teburin Wade yana tsakiya da farin ƙyalle, da allo an rubuta FARIN DOSTAL da manyan baƙaƙe. Mutane sun yi dafifi a kan fararen biyu. A gefe ga Duke a robarsa. A ɗaya gefen ga wata mace ruwan ƙasa, ta rame bayan haihuwa, tana zaro harshe a hankali. Ban bari idona ya daɗe a kanta ba, don kada in fashe.

Kawu Orville ya zo da rajista a hammata, ya juya wa Wade kunnensa mai aiki.

"To, samari, ɗaga murya. Wa ya haifi fararen nan?"

"Duke, ga shi nan."

"Duke da ka saya a hannuna?"

"Shi fa, Mista Petska."

"Ikon Allah. Kakannin Duke biyar a gidana aka haife su, babu mai ruwan toka ko ɗaya a danginsu. Gado ɗaya gare shi. Ko mata ɗari ka aura masa, zabiya zai ba ka, ba fari ba."

Wani mai gemu a baya ya ce, "Wataƙila Duke ya je makarantar yamma ya ƙaro ilimi." Aka kwashe da dariya.

Wuyan Wade ya yi ja. "To ai ga su nan kuna gani da idonku."

"Muna gani," na ce. "'Ya'yan Cyril ne. Tara ga Oktoba ya haɗu da uwarsu a garejinmu, ta riƙe ajiyar har bazara. Da ka tambayi ko wane ne a zauren nan, da ya gaya maka suna yin haka."

Wade ya yi murmushin nan nasa na ƙofar coci.

"Lorna, kada ki ba da mu a gaban jama'a. In ma haka ne, to mutumin Kansas ne ya haɗa ta da wani kafin ya sayar mini."

"Sunansa?" in ji Kawu.

"Jim... wani abu."

"Masu kiwon Kansas bakwai ne, huɗu suna tsaye a bayanka. Akwai Jim a cikinku?"

"Babu," in ji mai gemun. "Amma in akwai fari a ciki, ni ma daga yau Jim ne."

Na fito da littafin na buɗe a kan farin ƙyallensa. Saɓa ashirin da uku, shafi bayan shafi, kowace da sunan Agnes.

"Mataki na sha bakwai daga haɓa a tsage yake gida biyu. A juya cikin wannan macen a ƙirga."

"Ke za ki ƙirga?" in ji Wade. "Ke da kika zo da sharrinki a jakar burodi?" Ya juya wurin Mama, ya sassauta murya. "Misis Vesely, ki yi mata magana. Tun rasuwar babanta ba ta dawo daidai ba, ke ma kin faɗa."

Mama ba ta dube shi ba. Littafin take kallo. Shafukan shekara biyun ƙarshe na Baba rubutunta ne, mai karkata zuwa dama, da tawadar nan shuɗiya da take rubuta girke-girke. Ta sa yatsa a kan wani layi. Ni na san abin da ke wurin: Sha bakwai a tsage, kamar kullum. Emil ya ce na gode.

Ta miƙo mini jakarta.

"Riƙe."

"Mama, babu safa."

"Na ce riƙe."

Matar da ta shekara goma sha ɗaya tana bin bango in za ta wuce gareji, ita ce ta buɗe robar nan ta sa hannu tsirara. Fuskarta ta yi fari kamar ƙyallen teburin. Macijiyar ta naɗe wuyan hannunta a hankali, ba ta murɗe ba, ba ta fesa ba. Mama ta juya cikinta wajen fitila, ta sa farcen ɗan yatsa a ƙarƙashin haɓa, ta fara ƙirga da muryar da take karanta addu'a.

"Ɗaya. Biyu. Uku."

Daga goma mutane suka kama mata. Sha huɗu. Sha biyar. Har masu tebur na nesa sun bar kayansu sun matso. Sha shida.

Ta tsaya. Ta ɗaga macijiyar sama yadda kowa zai gani.

"Sha bakwai. Gida biyu."

Wade ya buɗe baki. "Misis Vesely, wallahi zan yi bayani, don mu duka na..."

"A kujerar Emil ka zauna," in ji Mama. Ba ta ɗaga murya ba. "Ni na ja maka ita da hannuna. Na soki 'yata da allura saboda kai." Ta juyo wurina, Agnes tana naɗe a hannunta. "Lorna, zo ki karɓi malamar nan kafin in faɗi."

Kawu Orville ya ɗauki allon FARIN DOSTAL ya kifa shi. Ya buɗe rajista, ya lashi bakin alƙalami kamar yadda ya saba, ya rubuta yana faɗa da ƙarfi don kunnensa ya ji: "Farin Vesely. Uba Cyril, uwa Agnes. Mai kiwo, Emil Vesely, marigayi, da 'yarsa."

A nan ne na yi kukan da na riƙe tun Afrilu.

A hanyar gida robobin suna kujerar baya, Agnes da 'ya'yanta ashirin da shida, fararen biyu a tsakiya. Mun wuce gonakin masara sun fi mil talatin. Mama tana ta goge hannunta da hankici.

"Firjin," in ji ta can, tana kallon taga. "Ki riƙe shi. Dama ƙofarsa ba ta rufuwa da kyau."

"Na gode, Mama."

"Ita kuma waccan baƙuwar ta daji, kada ki wulaƙanta ta. Ba ita ta kawo kanta ba."

"To."

Muka ƙara mil biyar.

"Wancan dogon da ya riƙe mana ƙofa da muka fito, mai rigar likitan dabbobi. Kin lura babu zobe a hannunsa?"

"Mama!"

"Tambaya na yi. Ya ce ranar Laraba zai biyo ya duba Agnes, wai ta rame. Ni na ba shi kwatancen gidan."

Hali zanen dutse. Amma rigar auren ta mayar da ita akwati da kanta a yammacin nan, kuma kujerar Baba ta ɗauke ta daga tebur ta kai gareji, kusa da bokitinsa.

Ku 'yan mata, ga abin da zan bar muku. Ba a gane mutum daga bayansa inda ratsin yake da kyau. Ku juya cikinsa ku ƙirga, in kun ga ba daidai ba ku sake ƙirgawa, kuma kada ku bari wani ya ce muku idonku ne.

Shi kuwa Wade Dostal, ƙungiya ta kore shi har abada, aka aika sunansa ga masu baje koli na jihohi huɗu, ba a sake ba shi tebur ba. Na kai ƙara, ya amsa laifin sata, alƙali ya ba shi awa ɗari biyu yana tsintar shara a bakin babbar hanya cikin riga ruwan lemo, inda duk motar garinmu take wucewa. Kwandon sadaka an ba wani. Duke ya koma hannun Kawu Orville. Har yau a garinmu ba mai ba shi ajiyar ko da kwandon dankali.